Gishirin Malam Yuguda

Kukar Sambo,
ta Shanono.
9 ga Maris, 1985.

Zuwa ga matata Zulaihatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Nana da ƙanenta Iliyasu. Yaya zafin Bacirawa? Yaya tarin Iliyasu, ya sake shi kuwa? Ki gaishe mini da Yaya Ja'afaru da mai ɗakinsa, ki ce ina godiya da riƙon da suke muku a wannan marra da kowa ke ta kansa. Allah ya saka musu da alheri. Ni ma lafiyata ƙalau, ba abin da ke damuna sai kewarku.

Yau kwana arba'in da uku ke nan da na sa ku a motar Basiru. Na san za ki ce Malam ba ya faɗin lissafi sai ya ɗora wani abu a kai, to ki ƙirga da kanki ki gani. Gidan nan ya yi mini faɗi. In na taso daga makaranta nakan yi sallama a zaure, sai na shigo tsakar gida na tuna ba mai amsawa. Girki kuwa kada ki tambaya. Tuwon da na tuƙa jiya, da na jefi kare da shi da yanzu ana shari'a. Ina jin muryarki daga nan kina cewa, "Malam, a rage gishiri." To na rage: karen zai yi ɗingishi ne kawai.

Ga labarin gari. Kin san tun da farin bara ya ƙone gero ake ta raɗe-raɗin gwamnati za ta raba hatsi. To an kafa kwamitin agaji a ƙaramar hukuma, kuma makon jiya suka aiko jami'insu ya duba halin da muke ciki. Wani saurayi ne, Malam Uwaisu, ɗan siriri da fayil a hammata. Da mai unguwa ya ji baƙo na tafe sai ya sa aka share gari tas. Kowa ya ciro rigarsa ta Juma'a. Mata suka haɗa ɗan abin da ke ƙasan tukunya aka dama fura, maƙwabcinmu Baba Muntaka kuma ya yanka zakaransa, wannan ja da ke tashinmu da asuba. Shi ke nan ya rage masa, amma ya ce baƙonka Annabinka.

Baƙo ya ci ya sha, ya buɗe fayil. Ya tambayi dattawa yaya amfanin gona, suka ce alhamdulillahi. Ya ce akwai abinci a gidaje, suka ce ba a rasa ba. Ya ɗaga kai ya ga rumbuna tsaye reras, kowanne da sabuwar jinka, don kin san mutanenmu, rumbu ko babu ƙwaya a ciki sai an yi masa sabuwar hula kada maƙwabci ya gane. Ya ce ko zai leƙa ɗaya. Mai unguwa ya yi murmushi ya ce nan garin ba a leƙa rumbun magidanci. Ke kanki shekara takwas muna tare ba ki taɓa ganin cikin nawa ba. Da baƙon ya juyo kaina ya ce, Malam kai fa me ka gani, wallahi Zulai ni ma alhamdulillahi na ce. Bakina ne ya faɗa kafin in yi tunani.

Shekaranjiya motoci biyu suka wuce ta bakin garinmu maƙare da buhunan masara, suka yi Tudun Gawo. Mu ba sunanmu a takarda. An rubuta cewa Kukar Sambo na da rufin asiri.

Yanzu mai unguwa ya ce tunda ni ne malamin Turanci, in rubuta wa kwamiti takardar koke. Kada ki damu, aiki ya zo hannun mai shi. Zan rubuta musu abin da ko dutse ya karanta sai ya yi hawaye. Da zarar an sauke buhu a gidan nan zan aiko Basiru ya ɗauko ku. Na yi miki alkawari, da yardar Allah a ɗakinki za ki ɗauki azumin bana.

Ki shafa mini kan yara. Ki huta lafiya.

Mijinki,
Yuguda

Kukar Sambo.
30 ga Maris, 1985.

Zuwa ga Zulaihatu,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina gaishe ki, ina gaida yara, ina gaida mutanen gida baki ɗaya. Da fatan kowa lafiya. Ƙuli-ƙulin da kika ba Basiru ya iso, na gode, amma kada ki ƙara cire na bakin yara ki aiko mini.

Na daɗe ina juya biro kafin in fara, don labarin ba mai daɗi ba ne. Na rubuta takardar. Kwana uku na yi a kanta, na sauko da ƙamus ɗina na kwalejin horon malamai, wanda kike ɗora fitila a kai, na tsince duk wata kalma mai nauyi na zuba. Na ce mutum ɗari sun mutu. Na ce ba sauran ko akuya a garin, yara na cin ƙasa, rijiyoyi sun ƙafe har ƙadangaru na ƙwai a ciki. Da na fassara wa dattawa a ƙofar mai unguwa, Liman ya yi gyaran murya ya ce shi dai jana'iza biyu ya sallata bana, su ma tsufa ne. Na ce masa Allah gafarta Malam, haka ake yi wa gwamnati magana, kunnenta na da nisa.

Na hau keke na kai da kaina. Malam Uwaisu ya karanta a gabana tun daga sama har ƙasa. Sannan ya ɗago ya ce, "Malam, ni fa na ci zakara a garin nan." Ya zaro jan biro, irin wanda nake yi wa 'yan aji shida maki da shi, ya rubuta kalma ɗaya a saman takardar ya nuna mini, ya sa ta cikin fayil. Exaggeration. Na sha koya wa yara ita, ban taɓa zaton za a rubuta mini ita da ja ba.

Da na dawo na kasa cin komai, sai na buɗe ƙamus ina bin ta da 'yan uwanta kamar mai bin dangin wanda ya mare shi. Ashe Turawa ma sun san halina, har sun raba shi gida-gida. Ita exaggerate ita ce uwa, wato ka mai da abu ya fi yadda Allah ya yi shi, ko da wasa ko da gaske. Akwai embellish, wannan ado ne, ka ɗauki labari na gaskiya ka yi masa aiki a wuya kamar riga, irin wanda nake yi miki in na dawo daga kasuwa. Akwai hyperbole, ta mawaƙa da masu hira, wadda mai faɗa da mai ji duk sun san ba haka ba ne, ba a cuci kowa ba. In na ce miki na yi shekara dubu ban gan ki ba, ita ce, kuma ba za ki kai ni gaban alƙali ba. Sai kuma overstate, mai busasshiyar fuska, ta ofis da rahoto: ka faɗi adadi fiye da yadda yake a wurin da ake jiran gaskiya tsirara. Mu da zuzutawa da kambamawa da ƙarin gishiri duk tukunya ɗaya muke zuba su, mai ji ne ke tacewa. To ni gishirin dandali na ɗauka na kai ofis, inda ba mai tace mini.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da ma garin nan dariya ake yi in na zuzuta abu. Yanzu ba mai dariya. Badaru mai gyaran keke ya tare ni a hanya ya ce, "Mu mun rage, kai ka ƙara, ga shi an tashi a tutar babu." Na sunkuyar da kai na wuce, ni da ba a taɓa rufe mini baki ba.

Ina kewarki, Zulai, kuma yau ba ado a maganar. Da kina nan da tun a daren farko kin karɓi takardar kin ce in karanta miki da Hausa, kin tsayar da ni a kan mutum ɗarin nan. Ke ce mai tace ni, sai da kika yi nisa na sani. Zanenki mai ruwan ganye yana nan a kan igiyar ɗaki inda kika bar shi, ban taɓa ba.

Ban fid da rai ba. Zan koma ofishin. Ki taya ni addu'a.

Naki har kullum,
Yuguda

Kukar Sambo.
21 ga Afrilu, 1985.

Zuwa ga Zulaihatu, uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, takardarki ta iso ranar kasuwar Shanono. Na karanta ta sau huɗu, kuma huɗun ne. Na ji Iliyasu ya fara tafiya. Na yi murna, sannan na zauna a kan turminki, don ɗana ya taka ƙasa a tsakar gidan wani ban gani ba.

Kin ce zaman ya ishe ki, ko ba a faɗa ba kina ganin yadda ake auna tsaba a gidan Yaya, gara ki dawo mu ci abin da nake ci. To dole in gaya miki abin da nake ci. Na rubuta miki cewa lafiyata ƙalau, har da labarin tuwo. Rabona da tuwo tun kafin waccan takardar ta farko. Sau ɗaya nake ci a yini, rogo in an samu, in ba a samu ba kwaɗon tafasa. Babba zai jure, amma ba zan sa Nana da Iliyasu a wannan ba. Ki ƙara haƙuri. Ashe ni ma na iya ragewa, inda bai kamata ba.

Ba ni kaɗai ba ne. Kin san garin nan da hantsi ba ka jin komai sai luguden taɓare. Har yanzu ana ji, amma na gano wasu matan dusa suke dakawa, wasu ma turmin ba komai, don dai maƙwabta su ji an yi daka a gidan. Haka muke, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Sau uku ina komawa ofishin kwamiti. Na farko da na biyu a gindin darbejiya na yini. A na uku Malam Uwaisu ya kira ni ciki. Ba mugu ba ne, garuruwa sittin ke wuyansa kuma kowa kuka yake kawo masa, na gaske da na ƙarya. Ya ce zai sake zuwa sau ɗaya tak, da sharaɗi biyu. Zai ga cikin rumbuna da idonsa. Kuma in ya kama ƙarya guda, komai ƙanƙantarta, zai rufe fayil ɗin Kukar Sambo ba mai sake buɗewa.

Tun ranar nake bin gida-gida ina roƙo. Wallahi da aron jaki na je nema da ya fi sauƙi. Kowa sai ya ce in wane ya buɗe shi ma zai buɗe. Baba Muntaka ya saurare ni har na gama, ya ce, "Yaro, shekara hamsin ba wanda ya ga cikin rumbuna sai ni da ɓera." Na ce Baba yunwa fa. Ya ce yunwa baƙuwa ce, za ta tafi, amma ido in ya gani ba ya mantawa. Ya rame ƙwarai, rigarsa kamar a kan sanda aka rataye ta.

Ranar sha huɗu ga watan gobe Malam Uwaisu zai zo. Azumi kuma bai fi mako ɗaya bayan nan ba. Ki fara haɗa kayanku a hankali, kada ki gaya wa Nana tukuna.

Ki gaida Yaya da iyalinsa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki mai begenki,
Yuguda

Kukar Sambo.
16 ga Mayu, 1985.

Zuwa ga Zulaihatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kun wayi gari lafiya, ke da yara da dukan mutanen gida. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci.

Malam Uwaisu ya zo shekaranjiya da hantsi. Wannan karon ba a share gari ba, ba a dama fura ba, ruwa kawai aka ba shi a moɗa. Jama'a suka taru a ƙofar mai unguwa, baƙon ya ce to wa zai fara. Kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa. Na ga ya fara mai da murfin biro. Sai na ji kaina ina cewa a zo gidana.

Gari duka ya biyo ni, har mata suna leƙe ta kan danga. Na jingina tsani, na hau, na ɗaga jinkar rumbuna da hannuna na ajiye a ƙasa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kamar an tuɓe ni a kasuwa. Malam Uwaisu ya hau ya leƙa. Ba komai ciki sai damin iri guda ɗaya da na rantse ba zan taɓa ba, da kashin ɓera. Ya sauko ya buɗe fayil. Kafin ya gama rubutu sai muka ji motsi ta bayan danga. Baba Muntaka ne ke jan tsaninsa shi kaɗai. Badaru ya ruga zai taya shi, ya daka masa tsawa. Da kansa ya hau, yana hutawa a kowane mataki, ya ture hular rumbun ta faɗo. Nasa ko irin babu, gizo-gizo har ya yi saƙa a baki. Ya tsaya a sama ya ce wa baƙon, "Hau ka gani, ɗana. Zakaran da ka ci, shi ne ƙarshen abin da na mallaka." Daga nan ba wanda aka sake roƙo. Kafin azahar jinkaye na zube a ƙasa ko'ina cikin gari, maza na tsaye kusa da su ba mai kallon ɗan uwansa.

An sa Kukar Sambo a takarda, Zulai. Masara za ta iso cikin makon nan. Gari ya tsira, alhamdulillahi, kuma wannan karon da zuciya ɗaya na faɗa.

Saura abin da ya shafe mu. Rabon bisa yawan baki ake yi. Bayan an gama duba rumbuna Malam Uwaisu ya zauna da fayil yana kiran magidanta ɗaya bayan ɗaya, kuma da ni ya fara. Takardata mai jan biro tana nan a saman fayil ɗin, ina ganinta. Ya dube ni ya ce, mutum nawa ke cin abinci a gidan nan yau. Ya riga ya shiga gidan. Ya ga murhu ba toka, ya ga tabarma ɗaya da kwano ɗaya. Badaru ya taka mini ƙafa. Mai unguwa ya kau da kai. Na san in na ce huɗu ba mai ƙaryata ni a cikin mutanen nan, kuma a wurin Allah huɗu ne. Amma shi na yau ya tambaya. Na tuna sharaɗinsa, na dubi layin da ke bayana, gida tamanin da wani abu, kowa ya tona asirinsa saboda na ce a tona. In ya yi shakkar bakin farko, kuma bakin da ya taɓa kamawa, wa zai yarda da sauran?

Na ce ɗaya.

Bayan an watse na bi shi har gindin mota na yi masa bayani, cewa ina da mata da yara biyu, yunwa ce ta raba mu, hatsin nan nake jira in dawo da su. Ya saurare ni da kyau. Ya ce ya yarda da ni, kuma na ga alamar har ransa ya faɗa. Amma waɗanda ke Bacirawa lissafin wata ƙaramar hukuma ne, takarda kuma ya riga ya sa hannu a gaban jama'a. Rabon mutum ɗaya zan samu. Na auna shi ta kowace fuska, ba zai kai mu huɗu ko rabin azumi ba, balle ya kai mu kaka.

Saboda haka kada ki hau motar Basiru ranar Litinin. Ki kwance kayan. Na karya alkawarin da na yi miki, kuma da bakina na karya shi, kalma ɗaya ce ta raba. Tun shekaranjiya nake tambayar kaina ko daidai na yi. In na ga yaran gari sai in ce daidai ne. In na shigo gida na ga ƙofar ɗakinki a rufe sai in rasa amsa. Ban san ranar da zan ce ku taho ba, kuma ba zan sake sa miki rana ba sai na ga gero ya fid da kai. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, ko da yake bai zubo ba tukuna.

Zan rubuta wa Yaya Ja'afaru dabam in roƙe shi ya ƙara mana haƙuri. Ke kuma ki yafe mini, in kin iya yanzu, in ba ki iya ba sai a hankali. In Nana ta tambaya me ya sa ba za a tafi gida ba, kada ki ce mata gwamnati ce, kada ki ce fari ne. Ki ce babanta aka tambaya, shi ya ba da amsa.

Allah ya sa mu ga juna da rai da lafiya. Wassalam.

Ni ne mijinki,
Yuguda